Cuku a girkin gida: abin da ke raba na ƙwarai da na kwaikwayo

Cuku ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin ayarin raƙuma Abzinawa ke saukowa da busassun fallayensa zuwa kasuwannin Damagaram da Katsina da Kano, a daka shi cikin fura ko a ci shi da dabino da shayi. Abin da yake sabo shi ne irin aikin da ake ba shi yanzu. Uwargida a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ko Yamai tana gasa fiza a gida, tana jera makaroni a faranti ta lulluɓe shi da cuku ta tura oben, tana cusa shi cikin samosar buɗa-baki, yara kuma suna tafiya makaranta da burodi mai yankan cuku a tsakiya. Tare da wannan yayi sai ga ƙorafe-ƙorafen da kunne ya saba ji: ya ƙi narkewa, ya tsatso da mai ya koma danƙo, ya ƙone a sama alhali cikinsa bai motsa ba, ko kuma ya narke tsaf amma in ban da gishiri ba abin da harshe ke ji. Yawanci oben ake ɗora wa laifi, ko hannun mai girki. Ni a ganina, sau da yawa an riga an ɓata girkin tun a kanti, lokacin da aka miƙa hannu aka ɗauko ledar.

Da na ce inganci, ba tsada nake nufi ba, ba kuma tutar wata ƙasar Turai a jikin kwali ba. Tambaya biyu ce: da me aka yi shi, kuma shin irinsa ne ya dace da aikin da za a sa shi? Cuku mai tsadar gaske zai iya lalata fiza in ba wurinsa ba ne, wara, wato ɗanyen cukun Fulani, kuma ta fi mafi yawan cukun Italiya dacewa da kaskon suya. Amma tambayar farko ita ce tushe.

Madarar saniya kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ce. Ragowar kuwa mai ne da furotin da sukarin madara da ma'adanai irin su kalsiyam. Yin cuku ba komai ba ne face raba wannan ragowar da ruwan. Kusan kashi 80 cikin 100 na furotin ɗin wani nau'i ne da ake kira kasin, wanda ke yawo cikin madara a ƙananan dunƙule da ido ba ya gani, kowanne yana ture ɗan'uwansa. Da zarar an zuba abin da zai karya wannan turewar, sai su sarƙe da juna, su kama mai a tsakaninsu, ruwa ya tsiyaye. Tsami yana yin wannan aiki, shi ya sa nono ke yin kauri idan ya kwana. Amma mafi yawan cukun duniya da renet ake daskarar da shi, wani sinadari da asalinsa daga tumbi na huɗu na ɗan maraƙi ko ɗan akuya mai shan nono ake samo shi. Bayan nan sai a yanka daskararriyar madarar, a tsane ta, a sa gishiri, a danne, a ajiye.

Akwai lissafi mai sauƙi da ya kamata duk mai sayen cuku ya riƙe. Kafin a samu kilo 1 na cuku mai ɗan tauri irin ceda, sai an ci kimanin lita 10 na madara. Wanda ya san kuɗin lita 10 na madara, ya ɗora kuɗin jirgin ruwa da na sanyaya kaya da na kwastam da ribar ɗan kasuwa, zai san inda farashi ba zai iya sauka ƙasa da shi ba. Idan aka miƙo maka kilo a ƙasa da haka, to wani abu ne ya maye gurbin madarar. Araha ba ta ado, kuma a harkar cuku ba ta ɗanɗano.

Don a ga iyakar abin da madara za ta iya zama idan aka ba ta haƙƙinta, a dubi Parmigiano Reggiano na arewacin Italiya. Doka ta ƙayyade inda ake yin sa: lardunan Parma da Reggio Emilia da Modena, da wani sashe na Bologna da na Mantova. Kayan haɗinsa uku ne kawai, madara da gishiri da renet ɗin maraƙi. Ana haɗa madarar yamma da aka yaɗe wa wani ɓangare na mai da cikakkiyar madarar safe, a dafa a manyan tukwanen tagulla. Curi guda yana cin kimanin lita 550, nauyinsa kuma wajen kilo 40. Yana yin kusan makonni uku a ruwan gishiri, sannan a jera shi a kan katako, ana juyawa ana gogewa. Sai ya cika wata 12 masu bincike na ƙungiyar masu yin sa, wadda tushenta ya koma 1934, za su zo da ƙaramar guduma su bubbuga kowane curi suna saurare. Daga amon suke gane ko akwai rami ko tsaga a ciki. Wanda ya tsallake a buga masa tambarin wuta, wanda ya faɗi a kankare masa suna. Darajarsa ta kai har wani banki na yankin, Credito Emiliano, yana karɓar curinsa a matsayin jingina tun 1953, ya ajiye a rumbunansa har bashi ya fita.

Me ke faruwa a cikin waɗannan watanni? Nan ne zuciyar maganar, kuma nan ne Bahaushe bai kamata ya sha wahalar fahimta ba, domin mun san aikin daddawa. Kalwa da aka dafa kawai ba ta da wani armashi a miya. Sai an rufe ta ta kwana biyu ko uku, ƙananan halittu sun farfasa furotin ɗinta, sannan take zama abin da ɗan guntunsa ke tayar da tukunya guda. Haka tsohon cuku yake. Ƙwayoyin halitta masu amfani da sinadaran da ke cikinsa suna ta yanka dogayen sarƙoƙin kasin zuwa ƙanana, daga ciki har da gulutamet, wanda masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano a 1908 cewa shi ne tushen wannan ɗanɗano mai cika baki da ake ji a romo. Shi ne dai sinadarin da ke cikin farin magi, sai dai a cuku lokaci ne ya samar da shi, tare da ɗaruruwan sinadaran ƙamshi da ke fitowa daga farfashewar mai. Giram 100 na tsohon Parmigiano yana ɗauke da fiye da giram 1 na gulutamet, adadin da abinci kaɗan ne ke kaiwa. In aka ɓantari wanda ya shekara biyu, za a ga ba ya yankuwa sumul, marmashewa yake yi, da wasu fararen ƙwayoyi a jikinsa masu ƙaras-ƙaras a haƙori. Mutane kan ɗauka gishiri ne ko lalacewa. Ba ko ɗaya: wani ɓangaren furotin ne da ya daskare saboda daɗewa, kuma shaida ce ta cewa ba a yi gaggawa ba.

Wannan ne ya sa nake ganin lissafin tsada yakan juye. Cokali biyu na gogaggen tsohon cuku a kan taliya suna yin abin da kofi guda na cuku marar shekaru ba zai yi ba. Mai girki da ta sayi mai araha sai ta yi ta ƙarawa tana neman ɗanɗanon da babu shi, abincin ya yi nauyi, ya yi maiƙo, gishiri ya yi yawa, kuɗin kuma ya tafi. Ko ɓawon Parmigiano ba a yar da shi a Italiya, jefa shi ake yi cikin miyar wake ko ta ganye ya dahu tare da ita. Akwai kuma wata fa'ida ga masu cikin da madara ke murɗa wa, kuma suna da yawa a cikinmu: mafi yawan sukarin madara yana tafiya da ruwan da aka tsane, sauran kuma ƙwayoyin halitta sun cinye shi, don haka tsohon cuku kusan babu shi a ciki.

Sai batun narkewa, wanda shi ne ya fi jawo ɓacin rai a kicin. Man da ke cikin cuku yana fara sakin jiki tun a wajen digiri 32 na ma'aunin Selsiyas, abin da ya sa in aka bar yanki a kan tebur a zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato za a dawo a tarar yana gumin mai. Amma narkewa ta gaskiya sai sarƙar kasin ta saki, kuma kalsiyam ne ke ɗaure da ita. Yawan ruwa, yawan tsami da yawan shekaru su ke yanke hukuncin yadda za ta saki. Mozarela, cukun da aka saba sa wa fiza, tana narkewa a wajen digiri 55, ceda a wajen 65, busasshe irin Parmigiano sai an haura 80, kuma ko a nan ba ya malala. Mozarela tana yin zare ne saboda tun wajen yin ta an ja ta an miƙe ta cikin ruwan zafi har furotin ɗin ya jeru a layi ɗaya. Ceda da ta tsufa ƙwarai ta riga ta farfashe, ba ta da dogon zaren da zai miƙe, kuma tana saurin sakin mai. Shi ya sa masu gwaninta ke haɗa biyu: matashi don jiki, tsoho don ɗanɗano.

Ko a cikin mozarela akwai bambanci da ke kayar da mutane. Wadda ke zuwa a dunƙule cikin ruwa, fara sol mai taushi, an yi ta ne don a ci ta ɗanya ko don murhun itacen birnin Napoli na Italiya da ke haura digiri 400, inda fiza ke gasuwa cikin minti ɗaya da rabi. Oben ɗin gida da ƙyar yake wuce 250. A wannan zafin fiza tana daɗewa, cukun ya saki ruwansa, tsakiyar burodin ta jiƙe ta yi caɓal. Oben ɗin gida mozarela mai ƙarancin ruwa yake so, wadda ke zuwa a sanda mai ɗan tauri. Ta farko ta fi tsada, a wurinta kuma ta fi daɗi, amma a nan ta biyu ce mai inganci.

Akwai kuma cukun da ba ya narkewa ko kaɗan, kuma wannan ba aibi ba ne. Wara, wadda a Benin da Togo da Gana ake kira wagashi, matan Fulani ke yin ta: a ɗora madara a wuta, a zuba ruwan ganye ko karan tumfafiya da aka daddaka, a bar ta tana zafi har ta tsinke, a kwashe cikin ƙananan kwanduna ta tsane. Sawun kwandon yana nan a jikinta. A Benin har rina ta ake yi da karan dafi ta yi ja. Da yake da zafi aka kama ta, furotin ɗinta ya riga ya ƙulle yadda wuta ba za ta sake kwance shi ba. Haka fanir na Indiya da ake tsinkawa da ruwan lemon tsami, haka halumi na Saifurus da ake dafawa cikin ruwansa. Irin waɗannan su ne na suya da na miya: su yi ja a waje, su riƙe siffarsu, su sha romo. Wanda ya barbaɗa wara a kan fiza ya ga ta ƙi narkewa bai sayi mummunan abu ba, aikin da ba nata ba ya ba ta. A kula kuma kada a haɗa ta da awarar waken suya, wadda babu madara a cikinta sam.

Yanzu ga wanda ya fi yawa a kantunanmu, wato sarrafaffen cuku, mai zuwa a yanka-yanka cikin leda ko a ƙananan kusurwa uku cikin takardar gwangwani. A 1911 wasu 'yan Siwizalan biyu, Walter Gerber da Fritz Stettler, suka gano cewa idan aka narka cuku da wani gishiri na musamman mai janye kalsiyam daga jikin kasin, mai da ruwa za su haɗu su zauna lafiya ba rabuwa. A Amurka James Kraft ya samu rajistar tasa dabarar a 1916, a Faransa kuma Léon Bel ya fito da La Vache qui rit a 1921, wanda duk yaron da ya tashi a biranen Nijar ya san jar saniyarsa. Ba na cikin masu raina wannan nau'i. An ƙirƙire shi ne don ya jure tafiya da zafi, kuma a ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas wannan ba ƙaramar daraja ba ce. Yana narkewa sumul, ba ya tsinkewa. Har ma yanki ɗaya nasa cikin miyar cuku yana taimaka wa ceda ta gaskiya ta ƙi rabuwa, saboda wancan gishirin da yake ɗauke da shi. Abin da ba zai bayar ba shi ne zurfin ɗanɗano, kuma yawanci gishirinsa ya fi na cuku na asali, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini. A gidan da ake fama da hawan jini, wannan abin dubawa ne.

Wanda nake da ja da shi shi ne na kwaikwayo, mai shigar cuku alhali ba shi ba ne. Ana haɗa shi da man tsirrai, galibi tataccen man kwakwar manja, da garin kasin, da sitaci, da ruwa, da gishiri, da kala, da ƙamshin haɗi. Cikin 'yan mintuna injin ya gama abin da madara ke ɗaukar watanni tana yi. Shi ne ke kan fiza mai araha a ƙasashe da dama. Mafi arha a cikinsa shi ne wanda aka rage wa kasin aka cika da sitaci, kuma shi ne ke ƙin narkewa, ya bushe a sama, ya manne a dasashi idan ya huce. Yaudarar ba a cikin wanzuwarsa take ba, a cikin sunan da ake sayar da shi take. Ƙa'idar abinci ta duniya da hukumomin abinci da na lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO da WHO, suka shimfiɗa ta ce cuku daga madara da abin da aka samo daga madara ake yin sa. A Tarayyar Turai kotun ƙoli ta ƙungiyar ta jaddada a 2017 cewa abin da aka yi da tsirrai zalla ba zai ɗauki sunan cuku ba. Saboda haka kamfanoni suka koyi zagaye: hoton fiza mai zare a gaban leda, da manyan haruffa da ke nuna na fiza ne, amma ba za a ga sun kira shi cuku kai tsaye ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. Da yawa daga madarar gari mai araha da ake aunawa a kasuwanninmu an cire mata man shanunta an mayar da man tsirrai, kuma ƙungiyoyin makiyaya na yankin sun daɗe suna kuka da yadda take karya farashin madarar gida. Maganin abu ɗaya ne a duka biyun: a juya leda a karanta bayanta. Doka ta sa ana jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Cuku na asali jerinsa gajere ne, madara, gishiri, ƙwayoyin tsami, renet, wani lokaci da ɗan kala. In ruwa ko man tsirrai ko sitaci ne a sahun gaba, an san abin da aka riƙa. Kalar ruwan lemo ta wasu nau'o'in ceda kuwa ba ta nuna komai game da inganci, daga 'ya'yan wata bishiya ake samo ta.

Gogaggen cuku na leda ma yana da nasa. Don kada ya dunƙule ana barbaɗa masa sitaci ko garin selulos, wato zaren jikin tsirrai da aka niƙa, kuma wannan hodar tana hana shi haɗewa da kyau idan ya ji wuta. Ƙamshinsa ma yana gudu da wuri tunda iska ta samu ko'ina a jikinsa. Sannan abin da aka riga aka niƙa yana da wuyar tantancewa. A Amurka, hukumar kula da abinci ta gano cewa wani kamfani a jihar Pennsylvania, Castle Cheese, yana sayar da gari da sunan famesan zalla, wato cuku irin Parmigiano, alhali babu famesan a ciki, haɗin wasu cukun masu araha ne da selulos, kuma shugabar kamfanin ta amsa laifi a kotu a 2016. Idan haka ta faru a inda ake da masu bincike, ina ga kasuwar da ake buɗe babban buhu a ƙulla a ƙananan ledoji ba suna ba kwanan wata? Sayen dunƙule a goga a gida aikin minti biyu ne.

Ga Musulmi akwai wata tambayar inganci da ba ta cikin littattafan girkin Turawa, ita ce asalin renet. Cin cuku kansa ba shi da matsala. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Umar cewa an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cuku a Tabuka, ya sa aka kawo wuƙa, ya yi bismilla ya yanka. Saɓanin malamai a kan renet ɗin dabbar da ba a yanka bisa shari'a ba ne. Malikiyya da Shafi'iyya suna ɗaukarsa najasa, Imam Abu Hanifa yana ganin tsarkinsa, Ibn Taimiyya ma ya rinjayar da haka, yana kafa hujja da cewa sahabbai sun ci cukun Majusawa bayan buɗe Iraƙi. Wanda yake son fita daga saɓani yana da hanya mai faɗi a yau, domin tun 1990 aka amince a Amurka da wani renet da ake samarwa ta hanyar ƙwayoyin halitta ba tare da dabba ba, kuma da shi ake yin kaso mai yawa na cukun masana'antu. Wasu kamfanoni suna rubuta hakan a jikin leda, ko a sa alamar halal ko ta masu ƙaurace wa nama. Parmigiano kuwa dokarsa ba ta yarda da komai ba sai renet ɗin maraƙi, don haka mai bin ra'ayin farko ya san matsayinsa. Akwai kuma 'yan nau'o'in Turai da ake wanke bayansu da giya lokacin ajiya, su ma a duba.

Duk wannan zai tashi a banza idan cukun ya sa mutum rashin lafiya, kuma a nan ne yanayinmu ya fi buƙatar a buɗe ido. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka ta shanu da ta bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, a jikin mutum kuma ta zama zazzaɓi mai tafiya yana dawowa wanda ake yawan ɗauka maleriya ce ko taifot. Ɗumama madara zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15, ko 63 na minti 30, yana kashe su. Cuku mai taushi da ruwa shi ya fi haɗari. A 1985 a yankin Los Angeles, wani farin cuku mai taushi ya yaɗa ƙwayar listeriya, aka tabbatar da mutum 142 sun kamu, 48 suka rasu, da yawansu jarirai ne da 'yan tayi. Listeriya tana iya hayayyafa ko a cikin firji, shi ya sa ake gargaɗin mai juna biyu ta guji cuku mai taushi sai an dafa shi ya yi zafi sosai. Wara ta sha wuta wajen yin ta, amma tana yini cikin ruwa a rana a bakin hanya, kuma kwana biyu ko uku ne iyakarta. A saye ta da safe, a sake tafasa ta da gishiri ko a soya ta a ranar.

Ɗaukewar wuta ma tana da nata ɓarnar. Mozarela da ta daskare ta saki, ta sake daskarewa ta sake saki a firizar kanti, ƙanƙara ta riga ta yayyaga jikinta. Alamarta ruwa kwance a gindin leda ko ƙanƙara a cikinta, kuma ledar da ta kumbura a bar ta a wurin. A gida, gara a sayi kaɗan da za a cinye cikin mako. Idan za a daskarar, a goge tukuna a rarraba ƙulli-ƙulli yadda ba za a fito da duka ba. Cuku mai tauri da ya yi ɗigon fumfuna ana iya yanke wurin da faɗin kimanin santimita 2 da rabi ta kowane gefe a ci sauran, mai taushi kuwa in ya yi fumfuna sai zubarwa.

Ko na ƙwarai ne, wuta mai yawa tana kashe shi. Furotin ya takure, ya matse mai waje, a samu dunƙule a gefe guda da tafkin mai a ɗaya gefen, kuma ba ya gyaruwa. A goge shi yana da sanyi, a sauke tukunya daga wuta, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana juyawa. Miyar makaroni a fara ta da man shanu da fulawa da madara, sitacin fulawar yana shiga tsakani ya hana furotin cakumar juna. Gishiri kuma a jinkirta shi sai an ɗanɗana.

Da wannan ma'auni ya kamata mu dubi namu na gida, kuma in aka duba zai fito da mutunci. Cukun Nijar da ake yi a yankunan makiyaya irin su Abalak da Dakoro kayan haɗinsa bai wuce madarar shanu ko ta awaki da ɗan renet daga tumbin ɗan akuya ko maraƙi ba. Ana zuba daskararriyar madarar a kan 'yar tabarmar kara, a baje ta da hannu ta yi falle, a shanya. Dabara ce ta adana yalwar damina, lokacin da nono ya yi yawa kuma gari ya yi nisa, zuwa rani, ba firji ba lantarki. Sabo yana da ɗan laushi da ƙamshin madara, in an ɗan gasa shi a garwashi ya yi taushi. Wanda ya daɗe yana ƙeƙashewa, ɗanɗanonsa ya yi ƙarfi, sai turmi. Irin wannan dakakken ba fura kaɗai ya dace da ita ba, a barbaɗa shi a kan taliya ko dambu a ji abin da zai yi.

Rauninsa a wajen tsafta yake. Galibi da ɗanyar madara ake yin sa, shanya kuma a fili take, inda ƙura da ƙuda ke kaiwa, daga nan ya bi hannu-hannu har kasuwa ba kwanan wata ba sunan mai yi. Nijar ta kai sunansa rajista a hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka da dama, kamar yadda ta yi wa kilishi da albasar Galmi. Abin da zai sa wannan rajista ta taɓa tukunyar uwargida shi ne a samu rubutacciyar ƙa'ida da masu yi suka yarda da ita: a riƙa duba lafiyar dabbobin da ake tatsa, a shanya a ƙarƙashin raga, a naɗe a rubuta wata da wurin da aka yi, a kuma samu mai zagayawa yana dubawa. Duk wannan kuɗi ne da lokaci a kan matar da ke yin sa a ruga, kuma ba za ta ɗauki nauyin ba sai ta ga mai saye a Yamai ko Kano yana tambayar asalin fallen da aka miƙo masa, yana kuma biyan ƙari a kan wanda aka kula da shi.